Yadda A Ke Koya Wa Yara Rabi Da Sulusi Da Rubu'i

Yaro ya kan iya ƙidaya daga 1 har 100, ya iya tarawa da ɗebewa, amma ran da malam ya rubuta masa 1/4 a allo, sai ka ga ya yi zuru kamar bai taɓa shiga makaranta ba. Galibi laifin ba na yaron ba ne. An fara masa da rubutu ne tun bai ga abin da rubutun ya ke nufi ba. Saboda haka muka shirya wannan bayani domin malaman ƙananan azuzuwa, da iyaye, da manyan da suka koyi karatu kwanan nan suna so su taimaki 'ya'yansu a gida. Duk abin da za mu faɗi yana tsaye ne a kan magana guda, watau ba a kiran yanki rabi, ko sulusi, ko rubu'i, sai an raba abu guda kashi-kashi daidai wa daida. Yaron da ya riƙe wannan da kyau, sauran ba zai ba shi wuya ba.

1. Gutsure Daban, Rabi Daban

Hausa tana da kalmomi da yawa na abin da aka cire daga jikin wani abu. In ka gutsura tuwo, ka sami gutsure. In ka ɓara goro, ka sami ɓari. In ka yanka nama, ka sami yanki. Waɗannan kalmomi ba su faɗi girman abin ba, gama gutsure yana iya zama babba, yana iya zama ƙarami. Amma in aka ce rabi, to, an faɗi girma. Ma'anarsa ita ce an raba abu biyu, kowane kashi daidai da ɗan'uwansa, an ɗauki ɗaya.

Kowa ya taɓa jin yaro yana kuka, yana cewa an ba wansa babban rabi, shi an ba shi ƙarami. Wannan kuka ya nuna yaron yana da idon gane rashin adalci, kuma wannan ido shi ne jarin malam. Abin da ya rage shi ne a gyara masa magana. In ɗaya ya fi ɗaya, babu rabi a cikinsu ko guda, akwai dai babban yanki da ƙaramin yanki.

Akwai tambayoyi 4 da ya kamata malam ya riƙa yi wa yara kullum, har su saba da yi wa kansu. Ta farko, mene ne abu gudan da aka raba? Ta biyu, kashi nawa aka raba shi? Ta uku, kashin sun yi daidai? Ta huɗu, kashi nawa aka ɗauka? Duk darussan da ke gaba, amsar waɗannan tambayoyi su ke bi.

2. Sunayen Kashi

In an raba abu kashi 2 daidai, kowane kashi sunansa rabi. In kashi 3 ne, sulusi. In 4 ne, rubu'i. In 5, humusi. In 6, sudusi. In 7, subu'i. In 8, sumuni, waɗansu kuwa su kan ce tumuni. In 9, tusu'i. In 10, ushuri. Sunayen nan, daga sulusi har ushuri, daga Larabci muka aro su, sun kuwa daɗe a bakin malamai da alƙalai saboda rabon gado da zakka. Kalmar kwata, wadda a ke ji a kasuwa da wajen masu agogo, daga Turanci ta zo, ma'anarta ɗaya da rubu'i. In kashi ya wuce 10, sai a ce kashi ɗaya cikin 12, ko ɗaya bisa 12.

Kada a ɗora wa ƙaramin yaro sunayen nan duka a rana ɗaya. A fara da rabi, a daɗe a kansa. Sa'an nan rubu'i, sa'an nan sulusi. Sauran su jira sai ƙafarsa ta kafu.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. A ƙasar Masar, kimanin shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafi wani littafin lissafi, wanda yanzu ya ke ajiye a gidan kayan tarihi na birnin Landan. Cikin matsalolin farko na littafin akwai yadda za a raba gurasa tsakanin mutum 10. Ashe tun wancan zamani, da rabon abinci a ke koyon wannan lissafi. Mu ma da shi za mu fara.

3. Darasi Na Farko: Rabi

Malam ba ya bukatar sayen kome. Ya tanadi karan dawa, da igiya, da tsofaffin takardu, da curin laka, da gurasa ko waina in akwai hali. Wuƙa kuwa ta zauna a hannun malam kaɗai.

Ya kira yara biyu gaban aji, ya ɗaga kara guda, ya ce, "Ga kara ɗaya, ga ku ku biyu. Yaya za a yi kowa ya sami daidai da ɗan'uwansa?" Sa'an nan da gangan ya karya karan a karkace, ɗaya dogo, ɗaya gajere, ya miƙa musu. Ba sai ya ce kome ba, ajin da kansa zai ɗauki surutu. Sai ya tambaya, "Ina aka san ba su yi daidai ba?" Wani yaro zai ce a jera su a gani. To, wannan ita ce hanyar gwaji, a jera ko a ɗora ɗaya bisa ɗaya. Malam ya sāke ɗauko wani kara, ya auna tsawonsa da igiya, ya ninka igiyar biyu, ya sa alama inda ninkin ya tsaya, ya yanke. A jera, a ga sun yi daidai. A nan ne zai ce, "Wannan rabi, wannan ma rabi." Sa'an nan ya haɗa su baki da baki, yara su ga rabi biyu sun koma kara guda. Kada a manta da wannan haɗawa, gama ita ce ke tuna wa yaro da abu gudan da aka fara da shi.

Bayan wannan, kowane yaro ya karɓi takarda, ya ninka ta gefe bisa gefe, ya danne, ya buɗe, ya ga sawun ninki ya raba ta biyu. Ya shafa wa rabi ɗaya gawayi ko alli. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da yaro ya ninka da hannunsa kuwa ya fi zama a ransa bisa abin da ya gani kawai.

Akwai wata dabara ta gida da iyaye mata suka sani. In yara biyu za su raba waina, sai a ce ɗaya ya raba, ɗayan ya fara zaɓa. Mai rabon ya san in ya karkace, ƙaramin ne zai rage masa, saboda haka sai ka ga ya natsu yana duba nan, yana duba can. Malam ya shigo da wannan dabara cikin aji, gama tana sa yaro ya nemi daidai da kansa ba tare da tsawa ba.

A kuma riƙa kawo abin da ba rabi ba. Malam ya zana da'ira 3 a ƙasa, ya ja wa kowace layi, amma ɗaya kaɗai ya bi ta tsakiya. Yara su nuna wadda aka raba rabi da rabi, su faɗi dalilin da ya sa suka ƙi sauran. Goro ma yana da amfani a nan. Ya kan ɓare gida biyu, amma sau da yawa wani ɓarin ya fi wani. A ɓara shi gaban yara, su yanke hukunci da kansu.

4. Rubu'i Da Sumuni

Rubu'i ɗan rabi ne. Yaro ya ninka takarda biyu, ya sāke ninka ta. Kafin ya buɗe, malam ya tambaya, "Gida nawa za mu gani?" A bari su yi gardama kaɗan, sa'an nan a buɗe, a ƙidaya 4. Kowane gida rubu'i ne. Daga nan yaro ya gane da idonsa rubu'i shi ne rabin rabi.

Yanzu a shafa wa gida 2 gawayi, a ajiye takardar kusa da ta jiya wadda aka shafa wa rabi. Yara za su ga wurin da ya yi baƙi girmansa ɗaya. Watau rubu'i biyu shi ne rabi. A shafa wa gida na uku, ya zama rubu'i uku, saura rubu'i ɗaya fari. A shafa wa na huɗu, takarda duka ta yi baƙi, watau rubu'i huɗu shi ne abu guda cikakke.

In aka ninka takarda sau 3, sai a sami gida 8, kowane sumuni. Yara da yawa za su ce 6 za a gani, domin suna ƙara biyu-biyu. Kada malam ya yi saurin gyara musu, takardar za ta gyara musu in an buɗe ta.

5. Sulusi

Sulusi ya fi rubu'i wuya, ko da ya ke 3 bai kai 4 ba. Dalili kuwa shi ne ninki biyu-biyu ba ya kaiwa gare shi. In ka ce wa yaro ya raba kara wa mutum 3, galibi sai ya karya shi biyu, sa'an nan ya karya rabi ɗaya biyu. Ya sami yanki 3, gaskiya ne, amma ɗaya rabi ne, biyu kuwa rubu'i-rubu'i. A jera su, a komo ga tambaya ta uku: sun yi daidai?

Igiya ta fi kome sauƙi a nan. A lanƙwasa ta sau biyu, ta je, ta komo, ta sāke tafiya, a yi ta ja kaɗan-kaɗan har tsawon nan uku su yi daidai, sa'an nan a yanke a wuraren lanƙwasa. Yara su lura, yanka 2 ne ya ba da kashi 3. Haka kuma yanka 3 ke ba da kashi 4 a jikin kara ko rake. Yaron da bai lura da wannan ba, in an ce ya raba layi uku, sai ya ja alama 3, ya sami gida 4.

In an ninka kowane sulusi biyu, sai a sami sudusi. Nan ma yaro ya ga sudusi biyu shi ne sulusi, sudusi uku kuwa shi ne rabi.

6. Rabon Abin Da A Ke Ƙidayawa

Ba kullum ba ne abu guda ke zama kara ɗaya ko gurasa ɗaya. Wani lokaci tari ne, kamar dabino 12 a faifai, ko awaki 8 a garke. Sai malam ya bayyana wa yara cewa yau faifan nan duka shi ne abu gudanmu.

A zuba gyaɗa ko tsakuwa 12. A kira yara 2, a raba musu ɗaya-ɗaya har su ƙare, kowa ya sami 6. Rabin 12 ke nan. A tattara, a kira yara 3, kowa ya sami 4, sulusi ke nan. Yara 4, kowa 3, rubu'i. Yara 6, kowa 2, sudusi. Mun zaɓi 12 ne domin tana rabuwa gida 2, da 3, da 4, da 6, ba saura. Goma kuwa ba ta rabuwa sai gida 2, da 5, da 10. Ga waɗanda suka yi nisa, 24 ta fi, gama ita har gida 8 tana rabuwa.

Yaran ƙauye da na birni duk sun san watanda, inda mutane ke haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa naman kashi-kashi. In mutum 10 suka zuba kuɗi daidai, kowa ushurin naman ya ke da shi. In wani ya zuba kuɗin mutum 2, ya ɗauki kashi 2, watau ushuri biyu. Mai kasawa kuwa ya kan yi ta ɗauke tsoka daga nan ya ƙara can, har idon kowa ya yarda. Malam ya tuna wa yara da wannan, su ga abin da su ke yi da tsakuwa shi ne abin da iyayensu ke yi da nama.

7. Rubutu

Sai yaro ya iya rabawa da hannu, ya iya faɗin sunan kashi da baki, sa'an nan a kai shi ga allo. Ga yadda rubutun ya ke. Lamba biyu ce, ɗaya bisa ɗaya, da ɗan layi a tsakaninsu. Lambar ƙasa tana faɗin kashi nawa aka raba abin. Lambar sama tana faɗin kashi nawa aka ɗauka. Saboda haka 3/4 tana nufin an raba abu kashi 4 daidai, an ɗauki 3. A kan karanta ta uku bisa huɗu, ko rubu'i uku. Ya fi kyau yaro ya fara rubuta lambar ƙasa, ya ja layi, sa'an nan ya rubuta ta sama, domin haka aikin ya ke tafiya: a kan raba tukuna, kana a ɗauka.

Kowace lamba da za a rubuta a makonnin farko, a zana hotonta kusa da ita, ko a ajiye takardar da aka ninka a gefenta. Wata rana malam ya rubuta lamba yara su ninka takarda, wata rana ya ninka takarda yara su rubuta lamba.

Ɗan layin nan yana da tarihi. Mutanen Indiya sun daɗe suna rubuta lamba bisa lamba ba layi. Cikin ƙarni na 12 aka ga layin a littafin wani malamin lissafi na ƙasar Magrib mai suna Alhassar. Wani mutumin birnin Pisa na ƙasar Italiya, wanda a ke kira Fibonacci, ya koyi lissafi a garin Bijaya na Arewacin Afirka, ya sa wannan layi cikin littafin da ya rubuta a 1202. Daga baya wannan irin rubutu ya bazu cikin Turai.

8. Wuraren Da Yara Ke Tuntuɓe

Na farko, yaro ya kan zaci 1/8 ta fi 1/4, domin ya san 8 ta fi 4. Maganin wannan tambaya ce mai sauƙi: "Ga gurasa ɗaya. Ka fi so ku raba ta ku 4, ko ku 8?" Babu yaron da zai zaɓi 8. Iyakar yawan masu rabo, iyakar ƙanƙantar rabon kowa. A yanko igiya 4 masu tsawo ɗaya, a cire rabin ta farko, sulusin ta biyu, rubu'in ta uku, sumunin ta huɗu, a jera su daga dogo zuwa gajere, a rataye a bango inda yara za su riƙa gani.

Na biyu, ya kan manta da abin da aka raba. Rabin waina da rabin kabewa duk rabi ne, amma girmansu ba ɗaya ba ne. Rubu'in babbar gona yana iya fin rabin ƙaramar gona. Saboda haka in yaro ya ce rabi, malam ya riƙa tambayarsa, "Rabin me?" Ba a gwada kashi da kashi sai abin da aka raba ya zama iri ɗaya, girma ɗaya.

Na uku, ya kan zaci kashi biyu ba su yin daidai sai siffarsu ta zama ɗaya. A ɗauko takarda 2 masu girma ɗaya, kowace mai gefe huɗu daidai. A ninka ta farko gefe bisa gefe, ta biyu kuwa kusurwa bisa kusurwa. Rabin ta farko mai kusurwa huɗu ne, rabin ta biyu mai kusurwa uku, amma tun da takardun girmansu ɗaya, kowace kuwa an raba ta biyu daidai, rabin wannan bai fi rabin waccan ba. Laka ma tana nuna haka. A raba curi biyu daidai, a mulmula ɗaya, a lallatse ɗaya ya yi faɗi. Ba a ƙara kome ba, ba a rage kome ba, kowanne yana nan rabi.

Na huɗu, in an shafa wa gida 1 baƙi cikin gida 4, wani yaro zai rubuta 1/3, domin ya ga baƙi 1 da fari 3. Sai a sa shi ya ɗora yatsa ya ƙidaya gidajen duka, har da baƙin, kafin ya rubuta lambar ƙasa.

Kada a doki yaro saboda irin waɗannan kurakurai. Kowannensu yana da dalili a kan yaron, aikin malam ne ya gano dalilin, ya mai da shi ga kara da igiya. Sannu ba ta hana zuwa.

9. Amfanin Wannan Ilimi

Mai karatu zai ce, duk wannan wahala don me? To, a duba kasuwa. Rabin mudu, rabin kwalba, yadi da kwata, duk kashi ne. Yadi inci 36 ne, rabinsa 18, kwatansa 9. Wanda bai san haka ba, abin da mai awo ya ce shi zai karɓa. A duba agogo: sa'a minti 60 ce, rabinta 30, kwatanta 15, shi ya sa a ke cewa ƙarfe biyu da rabi, ko ƙarfe uku saura kwata. A duba asibiti: in likita ya ce a ba yaro rabin ƙwaya, uwar da ta gutsura yadda ta ga dama tana iya ba shi fiye da kima, ko ta rage masa.

Kuɗin da aka yi amfani da su a Nijeriya kafin 1973 sun koya wa mutane wannan lissafi ba makaranta. Sule kwabo 12 ne. Sisi kwabo 6, rabin sule ke nan. Taro kwabo 3, rubu'in sule. Nai kwabo 9, rubu'i uku. Ahu kwabo ɗaya da rabi, sumunin sule. Ɗari rabin kwabo ne, anini kuwa ushurin kwabo. A ran 1 ga Janairu 1973 aka koma naira mai kwabo 100. Da takardun naira ma a na iya koyarwa: in 1000 ce abu gudanmu, 500 rabinta ce, 200 humusinta, 100 ushurinta.

A duba zakkar amfanin gona wajen Musulmi. In amfanin ya kai nisabi, wanda ruwan sama ya shayar ushuri a ke fitarwa, watau dami 1 cikin dami 10. Wanda aka shayar da wahalar ban ruwa, rabin ushuri, watau 1 cikin 20. Zinariya da azurfa kuwa rubu'in ushuri, watau 1 cikin 40. Kirista ma sun san ushuri wajen baiko.

Amma inda wannan ilimi ya fi nauyi shi ne rabon gado, gama a nan ne zumunta ke tsinkewa. Kason da shari'ar Musulunci ta yanka wa magada guda 6 ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Ga misali. Mutum ya rasu, bayan an yi jana'iza, an biya bashi da wasiyya, ya bar tumaki 24 masu daraja ɗaya. Magadansa mata ɗaya, da uwa, da ɗa namiji ɗaya. Matar tana da sumuni, domin akwai ɗa, watau tumaki 3. Uwar tana da sudusi, watau 4. Sauran 17 na ɗan ne. Da matan biyu ne, da sumunin nan guda za su raba daidai tsakaninsu. Yanke hukuncin gado aikin alƙalai ne da malamai, ba na kowa ba. Amma matar da ta san sumunin 24 shi ne 3, ba za a miƙa mata 2 ta yi godiya ba. Wanda kuma ya san sudusi ya fi sumuni, ba zai zargi mai rabo a kan banza ba. Saboda girman wannan al'amari, Alkhawarizmi, malamin lissafin da ya zauna a Bagadaza, da ya rubuta littafinsa na aljabara wajen shekara ta 820, ya ba matsalolin gado da wasiyya babban sashe a cikinsa. Ya kamata a koya wa 'yan mata wannan lissafi kamar yadda a ke koya wa 'yan maza.

10. Wasa Ƙwaƙwalwa

Ga wata tsohuwar matsala domin malam da manyan almajirai. Wani tsoho ya bar wa 'ya'yansa 3 raƙuma 17, ya ce babba ya ɗauki rabi, na tsakiya sulusi, ƙarami tusu'i. Wannan labari ne na wasa kawai, ba rabon shari'a ba ne. Yaran suka rasa yadda za su yi, gama 17 ba ta rabuwa 2, ko 3, ko 9, sai an yanka raƙumi. Wani matafiyi ya zo, ya ji, ya ƙara nasa raƙumin suka zama 18. Ya ba babba rabi, 9. Ya ba na tsakiya sulusi, 6. Ya ba ƙarami tusu'i, 2. Duka 17 ke nan. Ya hau raƙuminsa ya wuce.

Ina asirin? In an kasa abu kashi 18, rabi kashi 9 ne, sulusi 6, tusu'i 2. An tara, an sami 17 cikin 18. Watau rabon da tsohon ya faɗi bai cinye dukiyar duka ba, akwai kashi 1 cikin 18 da bai ba kowa ba, shi ne raƙumin da ya rage. Ya kamata yara su gwada wannan da tsakuwa. Darasin da ke ciki shi ne, bayan kowane rabo a tara kashin a gani ko sun koma abu guda.

11. Tambayoyin Gwaji

1. An yanka rake gida 2, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Mene ne sunan kowane yanki?
2. Yanka nawa za a yi wa igiya a sami kashi 5?
3. Wanne ya fi, sulusin gurasa ko rubu'inta? Ina dalili?
4. Ƙwai 12 ne a kwarya, an sayar da rubu'i uku. Nawa suka rage?
5. Rubu'i nawa ke cikin rabi? Sumuni nawa ke cikin rabi?
6. Manomi ya sami dami 60 na gero da ruwan sama. Dami nawa ne ushurinsa?

In yaro ya amsa, kada a tsaya ga amsar kaɗai. A ce masa, "Nuna mini." In ya ɗauko kara ko tsakuwa ya nuna, to, ya gane, a wuce da shi gaba. In ya kasa, a koma baya da shi ba tare da faɗa ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, yaron da ya saba da rabon daidai a kan waina kuwa, muna fata zai riƙe shi ran da aka ba shi amanar gona ko dukiyar marayu. Allah ya ba malamai da iyaye haƙuri, ya sa wa yaranmu albarka, amin.